Me Ya Sa Ake Son Taƙaita Haƙar Burtsatse A Kwarin Haɗeja?

Ruwan kogi da na ƙarƙashin ƙasa haɗe suke. Da damina ambaliya ke jiƙa fadama ta nutse. Da rani ruwan nan ne ke riƙe rijiyoyi.

Tun da aka gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ambaliyar da ke isa dausayin Haɗeja da Nguru ta ragu, manoman rani kuma suka dogara da burtsatse da injin ban ruwa. In ruwan da ake zuƙa ya fi abin da ke komawa ƙasa, sai rijiyoyi su ƙafe, kogin Yobe, wanda ruwan Haɗeja ke kwarara cikinsa, ya ƙara janyewa.

Dokar ruwa ta 1993 ta ba gwamnatin tarayya ikon kula da ruwan da jihohi ke tarayya a kai. Matakan da ake son ɗauka don taƙaita haƙar sun haɗa da lasisin haƙa, tazara tsakanin rijiyoyi, da auna zurfin ruwa akai-akai.