Ba Kowane Ciwon Ciki Ne Olsa Ba

A wajenmu, da zarar mutum ya dafe ƙahon zuciyarsa yana yamutsa fuska, kafin ya buɗe baki an riga an raɗa wa ciwon suna: olsa ce ta tashi. Sai a tura yaro kyamis ya sayo farin maganin nan na ruwa, wata ta ce a jiƙa kanwa, wani ya ce a ba shi madara. Sau da yawa akan dace, don gyambon ciki da ƙwannafi sun yi mana yawa. Amma wurin nan da ake dafewa unguwa ce mai gidaje da dama. Tumbi na nan, hanta da madaciya na gefen dama, zuciya na sama kaɗan. Can bayan tumbi kuma akwai wani abu mai laushi, tsawonsa kamar santimita 15, wanda likitoci ke kira fankiriyas.

Masu ciwon suga sun san shi ko da ba su san sunansa ba, domin shi ke samar da insulin. Ɗaya aikin nasa shi ne haɗa ruwan da ke narkar da nama da kitse da tuwon da muka ci. To, shi kansa ai nama ne, me ya hana ruwan ya narkar da shi? Hikimar ita ce sinadaran da ke cin nama suna fitowa ne kamar wuƙa cikin kube, ba a zare su sai sun isa ƙaramin hanji. Ranar da aka zare wuƙar tun a gida, sai fankiriyas ya shiga cin kansa, ya kumbura.

Abu biyu ne suka fi jawo haka a duniya: tsakuwar madaciya da barasa. Bututun madaciya da na fankiriyas ƙofa ɗaya suke bi su shiga hanji, saboda haka 'yar tsakuwa da ba ta kai ƙwayar wake ba na iya gangarowa ta toshe ƙofar. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin masu sikila kan tara irin wannan tsakuwa tun suna yara, saboda yawan fashewar ƙwayoyin jininsu. Yawan kitse a jini, hangum, bugu a ciki da wasu magunguna su ma suna iya zama sanadi.

Ciwon yakan zo farat ɗaya, ya kafe a saman ciki, ya soka har gadon baya, ga amai da ba ya kawo sauƙi. Za ka ga mutum ya kasa kwanciya rigingine, sai dai ya zauna ya duƙa gaba. Duk da haka likita ba zai yanke hukunci da ido ba. Ƙa'idar Atlanta, wadda aka sabunta a 2012, ta buƙaci a samu biyu cikin uku: irin wannan ciwo, ko gwajin jini ya nuna sinadarin lifes ko amiles ya kai ninki uku na iyakarsa, ko hoton ciki ya nuna kumburin. Akan yi sikanin don neman tsakuwa. A babban mutum kuwa, likitan kirki sai ya duba zuciya, don bugun zuciya ma yakan zo da kamannin olsa.

Kusan kashi 80 cikin ɗari na masu ciwon suna warkewa cikin mako guda ko makamancin haka. Sauran su ne abin tsoro: huhu ko ƙoda kan gaza, wani sashe na fankiriyas ya mutu. Ba a iya rantsewa tun ranar farko wa zai faɗa wane ɓangare, shi ya sa wannan ba ciwon jinya a ɗaki ba ne.

Babu ƙwaya ɗaya da ke kashe wutar. Abin da ake yi shi ne ƙarin ruwa, allurar rage raɗaɗi mai ƙarfi, da sa ido. A nan ne likitanci ya gyara kurakuransa, kuma ina ganin 'yan jinya ya kamata su sani don su daina zargin ma'aikata da sakaci. Da can akan hana maras lafiya abinci kwana da kwanaki wai don ciki ya huta. Yanzu da zarar amai ya lafa ake fara ba shi abinci mara maiƙo, sau da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ruwan ma da ake ganin yawansa alheri ne, wani bincike da likitocin Sifaniya suka jagoranta, aka wallafa a 2022, ya nuna ɗura shi da gaggawa yana cika jiki da ruwa ba tare da ƙarin amfani ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa, wanda mu ba ma yarda an yi mana magani sai mun gan shi, ba a ba da shi sai an ga alamar ƙwayoyin sun shiga.

Ita kanta olsar ta gaskiya ba yunwa ce kawai ke kawo ta ba, kamar yadda ake faɗa. Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya sun nuna ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori, ke haddasa mafi yawanta, har suka samu kyautar Nobel a 2005. Sauran kuma galibi aikin magungunan ciwon jiki ne irin su diklofenak da ibuprofen, waɗanda ake watsawa a baki kamar gyaɗa bayan an dawo daga gona ko kasuwa. Baƙin bayan gida kamar kwalta, ko aman jini, alamar gyambon ya fara zubar da jini ne, kanwa ba ta da abin yi a nan.

Idan tsakuwa ce ta tayar da fankiriyas kuma ciwon bai yi tsanani ba, likitoci sun fi son a cire madaciyar kafin a sallami mutum, don ciwon na yawan dawowa. Dangi kan firgita da jin tiyata, alhali hanta ce ke yin ruwan ɗacin, madaciya ma'ajiya ce kawai, ana rayuwa lafiya ba ita. Wadda ta fi wuya ita ce maganar barasa. Mutumin da mahaifiyarsa da surukinsa ke tsaye a bakin gado ba zai amsa tambayar ko yana sha ba. Likitan da ya san mutanensa sai ya ce kowa ya ɗan ba su wuri tukuna.