Teburin Mai Shayi, Dandalin 'Yan Wasan Zauro

Zauro gari ne na manoman shinkafa a bakin fadamar Gulbin Rima, kusa da Ambursa, kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. A irin waɗannan garuruwa ba a san zauren wasa mai labule da kujeru ba. Samarin da ke sha'awar wasan kwaikwayo wurinsu ɗaya ne: teburin mai shayi.

Bayan sallar isha'i ake cika. Benci biyu ko uku, fitilar sola rataye a jikin rumfa, gwangwanayen madara a jere, burodi a leda, tukunyar ruwa tana tafasa a kan gawayi. Mai shayi yana ɗaga kofi sama yana tsiyayowa cikin wani don ya huce, kunnensa kuwa yana wajen hira. Mai kuɗi ya sha da kauri har da ƙwai, wanda aljihunsa ya bushe ya karɓi ruwan bunu, a rubuta masa sai bayan girbi.

A nan ake haifar labari. Wanda ya wuni yana fama da injin ban ruwa zai kawo kukan tsadar fetur. Wani ya tuno bashin noma na shirin da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba 2015, wani ya ambaci ambaliyar 2020 da ta shanye gonakin shinkafa ana dab da yanka. Kafin kofi ya huce an raba fitowa: kai ne dillali, kai ne manomi, kai kuma malamin gona. Sai a ja benci gefe, a ari hular wani dattijo da rawanin wani, a fara gwaji cikin Hausar yankin, wadda ake cewa "mi" a maimakon "me". Masu shan shayi su ne alƙalai. In zance bai yi kama da gaskiya ba, nan take wani zai ce, "A'a, dillali ba ya magana haka." In ya yi, dariyar kan kai har bakin titi. Wanda ya tsira daga wannan hukunci shi ake ɗauka da waya a sa a Facebook ko TikTok.

Abin yana da asali. Yaran da suka tashi suna tashe a watan azumi sun riga sun iya kwaikwayon mutane. Argungu ma, tun daga 1934 take tara jama'a a kogin Matan Fada domin kamun kifi da kiɗa da kokawa, bikin da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Masana'antar fim ta Kano kanta daga ƙungiyoyin wasan daɓe ta fito: ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi fim ɗin Turmin Danya a 1990.

Abin da ke ci wa samarin tuwo a ƙwarya shi ne rashin jari. Kayan sawa aro ne, lasifika haya ce, kuma damina na kankama kowa ya koma gona. Da ƙungiya za ta yi adashi ta kafa teburin shayi nata na kanta, ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya riƙe, da ribar ta sayi kayan wasa, ta kuma samu wurin gwaji da 'yan kallo kowane dare ba tare da roƙon kowa ba. Ƙaramar hukuma da masu hali kuwa, rumfar kwano da benci goma sun ishe su taimako.