Ramin Rasha da Tsagewar Afirka: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Da zarar ƙasa ta girgiza a wani wuri, sai tsofaffin labarai su sake tasowa a WhatsApp da Facebook, ana ta tura su ana cewa a yaɗa. Wasu ƙarya ce tsagwaronta. Wasu kuwa gaskiya ce aka yi wa gishiri har ta sauya kama, kuma su ne suka fi wuyar tantancewa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka daɗe suna yawo shi ne na ramin Rasha. Wai masana sun haƙa rami a Saiberiya har suka faɗa wani kogo mai tsananin zafi, suka zura makirufo, suka jiyo ihun mutane ana azabtar da su. Har da sautin ake haɗawa. Ramin kam akwai shi, amma ba a Saiberiya ba. Yana yankin Kola, kusa da iyakar Norway. Tarayyar Sobiyet ta fara haƙa shi a 1970, a 1989 ya kai zurfin mita 12,262, faɗinsa kuwa santimita 23 kacal, ko kan mutum ba zai shiga da daɗi ba. Ba a tarar da wani kogo ba. Abin da ya dakatar da aikin shi ne zafi, wanda ya kai digiri 180 a ma'aunin Salshiyas, ga dutsen ya daina tsayuwa cik yadda za a ci gaba da huda shi, sannan Tarayyar ta wargaje kuɗi suka yanke. Batun ihu ƙage ne.

Kilomita goma sha biyun nan ko ɓawon ƙasa ba su ratsa ba. A ƙarƙashin nahiyoyi kaurin ɓawon yakan kai kilomita 30 zuwa 50, a ƙarƙashin teku kuma 5 zuwa 10. Daga nan sai shimfiɗa ta biyu, wadda masana ke kira mantul, har zuwa zurfin kilomita 2,900. Sai cibiya, mai hawa biyu: na waje narkakken ƙarfe ne, na ciki kuwa dunƙulen ƙarfe ne sandararre, duk da zafinsa ya haura digiri 5,000, domin nauyin da ke danne shi ya hana shi narkewa. Daga doron ƙasa zuwa tsakiyarta kimanin kilomita 6,370 ne.

Mai karatu zai ce, to wa ya je ya gano? Tambayar a kan hanya take. Babu wanda ya je. Girgizar ƙasa ce ke tona asirin. Idan ta auku, motsinta yana ratsa cikin duniya kashi biyu: ɗaya yana wuce dutse da ruwa duka, ɗayan kuwa ba ya iya ratsa abu mai ruwa-ruwa. Na'urori a ƙasashe daban-daban suna rubuta lokacin da kowanne ya iso, da wuraren da na biyun ya kasa isowa. Ta haka aka gane hawan waje na cibiya narkakke ne, ta haka kuma Inge Lehmann 'yar ƙasar Denmak ta gano dunƙulen ciki a 1936.

Wannan awon shi ne ya ƙaryata wata magana da har wasu masu ilimi ke faɗi, wai muna yawo ne a kan tekun narkakken dutse. Mantul dutse ne sandararre. Zafi ne ya sa yake malalowa a hankali cikin miliyoyin shekaru. Narkakken dutsen da ake gani a aman wuta daga 'yan wurare ƙalilan yake fitowa.

Yanzu ga batun Afirka. A watan Maris na 2018 wata babbar tsaga ta datse hanyar Mai Mahiu zuwa Narok a Kenya, hotuna suka cika duniya, aka ce nahiyar ta fara rabewa biyu. Da yawa daga masanan da suka duba wurin sun danganta tsagar da ruwan sama mai ƙarfi da ya kwashe tokar aman wuta da ta cike wani tsohon rami. Amma asalin maganar gaskiya ce. Fatar duniya a tsattsage take zuwa manyan farantai masu motsi, gudunsu kamar tsirar farce. A Gabashin Afirka farantin Somaliya yana janyewa daga sauran nahiyar da 'yan milimitoci a shekara. A Satumban 2005 ma, a yankin Afar na Habasha, ƙasa ta buɗe tsawon kusan kilomita 60 cikin 'yan kwanaki. Sai dai kafin teku ya shiga tsakani, in ma zai shiga, miliyoyin shekaru ne. Kuma ba dole ba ne a kai ga haka. Kwarin Binuwai irin wannan tsagar ce, ta fara buɗewa lokacin da Amurka ta Kudu ke rabuwa da Afirka shekaru sama da miliyan 100 da suka wuce, sannan ta tsaya.

Ana kuma cewa ƙasa ba ta girgiza a Nijeriya. An yi kusa da gaskiya, don muna tsakiyar faranti ne, nesa da bakinsa inda ake gogayya. Amma mutanen Kwoi a Jihar Kaduna sun ji motsi a 2016, na Mpape a Abuja kuma a 2018. Ƙanana ne, ba irin ta Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023 ba, wadda ta kai maki 7.8 ta hallaka mutum fiye da 50,000, a inda farantin Larabawa ke tunkuɗar na Anatoliya. Masu cewa wata na'urar Amurka ce ta jawo ta ba su kawo hujja ko ɗaya ba, alhali tarihin yankin cike yake da irin wannan girgiza tun ƙarnoni kafin a san wutar lantarki.

Masana suna iya nuna yankin da ke cikin haɗari, amma har yau babu mai iya faɗin rana da sa'a. Saboda haka idan saƙo ya zo maka da ranar da ƙasa za ta girgiza a garinku, kada ka tura wa kowa.