Gigin Tsufa: Yadda Al'ummu Suke Kallonsa, Da Abin Da Malamai Suka Faɗa

A wannan mako muna so mu ja hankalin masu karatu kan wata larura wadda ba a rasa ta a kowace unguwa, amma ba a cika tattauna ta a zaure ba. Wato halin da dattijo ke shiga na mantuwa mai tsanani, har ya kasa gane 'ya'yansa, ko ya ɓace a kan hanyar masallacin da ya shekara 40 yana bi.

Mu a nan mukan ce gigin tsufa, ko ruɗewa. Larabawa kuwa suna cewa kharaf. Sunan da muka ba abin ya riga ya nuna ra'ayinmu: mun ɗauka tsufa ne kawai ya zo da kayansa, sai haƙuri. Ba mu kaɗai ke da wannan zato ba. A shekarar 2019 ƙungiyar duniya mai kula da cutar Alzheimer ta tambayi mutane kusan 70,000 a ƙasashe 155, sai ta tarar kashi biyu cikin uku suna ganin haka tsufa ya gada. Likitoci kuwa sun tabbatar ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, tun daga bayanin da likitan Jamus Alois Alzheimer ya yi a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da shi sun haura miliyan 55, kuma fiye da rabinsu suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki.

Inda al'ummu suka sha bamban shi ne fassarar da suke yi wa abin. Mutanen Japan sun daɗe suna kiransa da wata kalma mai ma'anar wauta, har iyalai suna jin kunyar kai nasu asibiti, sai a 2004 hukuma ta sauya sunan da wani mai nuna rauni a wajen fahimta. A wasu sassa na Afirka kuwa lamarin ya fi haka muni. Tsohuwa ta fita da dare tana sambatu, ta ambaci matattu, sai a ce mayya ce ta tona kanta. A arewacin Ghana har akwai wurare irin su Gambaga inda matan da aka kora bisa zargin maita suke fakewa. Mu ma kada mu yi saurin wanke kanmu, domin sau nawa muka ji an ce wa tsoho an yi masa sammu, ko aljanu sun shafe shi, aka ƙarar da dukiyarsa wajen masu duba?

Akwai wani bincike da ya kamata mu sani. Tun daga 1992 likitocin Ibadan da na birnin Indianapolis a Amurka suka shiga gwada dattawan Yarabawa da baƙar fata na can, 'yan shekara 65 zuwa sama. Sakamakon da suka fitar a 1995 ya nuna masu ciwon a Ibadan ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, a can kuwa sun ɗara kashi 8. Wannan ya sa masana suka ƙara mai da hankali kan abinci, da hawan jini, da ciwon sukari, abubuwan da yanzu suka yawaita a tsakanin attajiranmu da ma'aikatan ofis masu wuni a kujera.

To, me magabata suka ce? Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda ya nuna mutum kan kai shekarun da saninsa zai kuɓuce masa. Ba a danganta shi da maita ba ko kaɗan. Malaman hadisi kuwa sun yi wani aiki da ya isa abin koyi. Sun lura wasu amintattun maruwaita sun rikice a ƙarshen rayuwarsu, suka sa wa abin suna ikhtilaɗi. Aɗa'u ɗan Sa'ib na Kufa yana cikinsu, haka Sa'idu ɗan Abi Aruba na Basra. Ba su zubar da mutuncin waɗannan bayin Allah ba. Sai suka bi diddigi: wa ya ji daga gare shi kafin rikicewa, wa ya ji bayanta? Abin da Shu'uba da Sufyanus Sauri suka karɓa daga Aɗa'u suka amince da shi, domin sun riske shi da sauran ƙarfinsa. Ibnus Salahi ya keɓe wa wannan fanni babi guda a littafinsa na ilmin hadisi.

Fiƙihu ma bai bar mu a duhu ba. Hankali shi ne sharaɗin taklifi. Wanda hankalinsa ya gushe babu salla a kansa, saboda haka babu dalilin tsananta wa uwa don ta yi azahar raka'a 7, ko ta sha ruwa da rana a watan azumi. Zakka kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya, tana kan dukiya, waliyyinsa ne zai fitar.

Batun da ya fi shafar 'yan kasuwa shi ne ƙulla ciniki. Sayarwar wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ta inganta, haka kyautarsa. Amma ga shi ana kama hannun tsoho a dangwala yatsansa a takardar gida, ko wani ɗa ya riƙe katin fanshon mahaifinsa yana ci shi kaɗai. Hanyar da shari'a ta shimfiɗa ita ce a kai shi likita ya duba shi, domin wata ruɗewar daga zazzaɓi ko magani take kuma tana warkewa. In ciwon ya tabbata, sai a je gaban alƙali da shaidu, ya naɗa wanda zai kula da dukiyar, a riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.