Kwamfutar Da Ta Ƙi Tashi Bayan An Ƙara Mata Gudu: Suma Ce Ko Mutuwa?

Akwai wata al'ada da ta daɗe a tsakanin masu kwamfutar tebur, musamman samari masu wasanni da masu aikin haɗa bidiyo, ita ce ta ƙara wa ƙwaƙwalwar na'urar gudu fiye da wanda kamfanin da ya ƙera ta ya ƙayyade. Sau da yawa abin yakan yi kyau. Amma wani lokaci mutum zai gama sauya lambobi, ya sake kunnawa, sai fanka ta yi ta juyawa, fuskar kwamfuta kuwa baƙi ƙirin, ba rubutu ba ƙara. Nan da nan hankali ya tashi, a ɗauka ƙwaƙwalwar ta ƙone, har a shiga lissafin kuɗin sabuwa. Alhali kuwa galibi suma ce, kuma ana iya farfaɗo da ita ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Inda Matsalar Take

Ita ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato firosesa, da bugun agogo take aiki. Gudunta kuwa daga lambobi biyu yake fitowa, bugun tushe da yawan ninkinsa. Idan tushen megahaz 100 ne aka ninka shi sau 36, gudu ya zama megahaz 3,600 ke nan. Mai neman ƙari sai ya ɗaga ninkin, ko tushen, ko duka biyun. Tun a 1984 masu kwamfutar IBM AT suka riƙa sauya ɗan ƙarfen da ke ba da bugun don su tashi daga megahaz 6 zuwa 8. A 1998 kuma Celeron 300A ta kamfanin Intel ta yi suna ƙwarai, gama da an ɗaga tushenta daga 66 zuwa 100 sai gudunta ya tashi daga 300 zuwa 450.

A yau a cikin BIOS ake yin wannan sauyi, wato 'yar manhajar nan da ke zaune a jikin babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod. Ita ce ke fara farkawa da zarar an kunna wuta, ta karanta umurnin da aka ajiye mata, ta gwada firosesa da ram, sannan ta ba da hoto. To, in gudun da aka umurta ya fi ƙarfin ɗayansu, gwajin zai tsaya tun kafin hoto ya fito. Ga shi kuwa sai da hoto ake shiga BIOS a gyara kuskuren. Ko sau nawa aka kashe aka kunna, umurnin yana nan bai gushe ba. Saboda haka maganin shi ne a sa allon ya manta da shi.

Matakan Farfaɗowa

Matakin farko haƙuri ne. Allunan da ke amfani da ram irin ta DDR5 sukan ɗauki 'yan mintoci suna daidaita ta bayan kowane sauyi, fuska kuwa tana duhu. Haka kuma alluna da yawa sukan koma tsarinsu na asali da kansu in tashi ya faskara sau da dama a jere. Don haka a jira tukuna, sannan a danne maɓallin kunnawa har ta mutu, a sake gwadawa.

Idan hakan bai yi ba, sai a zare fulogi daga bango, a danna maɓallin kunnawa don sauran wutar da ke ciki ta zube, a buɗe akwatin, a taɓa ƙarfensa kafin a kai hannu kan allo. Wasu alluna suna da maɓalli na musamman na goge umurni. Wasu kuma 'yan ƙusoshi gare su da aka rubuta CLR_CMOS ko CLRTC ko JBAT1 a gefensu. In biyu ne, a haɗa su da bakin sukudireba na kamar daƙiƙa 10. In uku ne masu 'yar hular roba, a matsar da hular daga na 1 da na 2 zuwa na 2 da na 3, sannan a mayar da ita inda take, domin in an manta ta a can kwamfutar ba za ta tashi ba. Wanda bai ga ƙusoshin ba sai ya cire ɗan batirin nan mai kama da sulai, CR2032 mai bolt 3, ya ajiye shi kamar minti biyar ya mayar. Kada a kuskura a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan alhali wuta tana haɗe.

In har yanzu shiru, sai a saurari abin da allon ke faɗa. Sababbin alluna suna da 'yan fitilu huɗu, CPU da DRAM da VGA da BOOT, wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda gwajin ya cije. Sau da yawa laifin na ram ne, gama tsare-tsaren XMP da EXPO da ake kunnawa da dannawa ɗaya su ma ƙarin gudu ne. A bar sanda ɗaya ta ram a ramin da littafin allon ya nuna, a cire duk abin da ba dole ba, a duba ko wayar da ke kai wa firosesa wuta ta zauna daram. Wasu alluna kuma suna karɓar sabuwar BIOS daga filashi ko da babu hoto, sai dai ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki na iya lalata allon, saboda haka a tanadi wutar da ba ta yankewa.

Bayan Ta Farfaɗo

A nan ne wasu ke yin asarar da ta fi ta firosesa. Goge umurni yana mayar da kome yadda ya fito daga masana'anta, har da kwanan wata, da jerin faifan da za a fara karantawa, da tsarin AHCI ko RAID. Sai Windows ta ƙi buɗewa, mai gaggawa ya ɗauka faifan ya lalace, ya goge shi, aikin shekaru ya tafi. Abin yi kawai a mayar da waɗannan tsare-tsare yadda suke a dā. Wanda faifansa ke kulle da BitLocker kuma ya nemo mabuɗinsa mai lambobi 48, gama ana iya tambayarsa.

Amma fa akwai mutuwa ta gaske, kuma yawanci ƙarfin wuta ke jawo ta. Ƙarin bolt da kashi 10 cikin ɗari yana ƙara zafi da wajen kashi 20. A 2023 an sami ƙonewar wasu firosesa na Ryzen 7000X3D, har kamfanin AMD ya ƙayyade wutar wani sashensu a kan bolt 1.3. Alamun irin wannan ɓarna su ne ƙauri, ko tabon ƙuna, ko kumburi a ƙarƙashin firosesa; tabbacinta kuwa sai an gwada ta a wani allo mai lafiya. Garantin kamfanoni bai shafi ɓarnar ƙarin gudu ba, ita Intel ma ta daina sayar da inshorar da take yi wa masu wannan al'ada tun 2021.

Wanda duk ya nace sai ya ƙara gudu, to, ya yi da sannu: ninki ɗaya a kowane karo, ya gwada na awoyi da manhajoji irin su Prime95 da MemTest86, yana lura kada zafi ya kusanci digiri 95 zuwa 100, inda na'urar kan fara rage gudunta da kanta. Ya tuna cewa gudun da ya zauna lafiya da hunturu yana iya gagara da bazara, balle in ƙura ta toshe fanka. Kafin ya taɓa lamba ko ɗaya, ya kwafe ayyukansa a wani wuri, ya rubuta tsarin asali a takarda, ya kuma san inda ƙusoshin goge umurni suke a jikin allonsa. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa.