Dara da Ladabin Sallamawa

A ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, idan an gama aikin kaka, maza sukan zauna a inuwar darbejiya su yi dara. Akan haƙa gurabu 30 a cikin rairayi, jeri biyar, kowane jeri gurbi shida. Mutum biyu ke yi, kowa da 'ya'ya 12. Wannan ya riƙe karare, wancan ya riƙe tsakuwa. Wanda ya jera 'ya'yansa uku a layi ɗaya, sai ya ci ɗa guda na abokin wasansa. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu, an cinye shi, domin ba shi da sauran halin jera uku.

Amma gwanaye ba su cika jiran wannan ƙarshe ba. Wani lokaci mutum yakan shirya 'ya'yansa yadda in ya matsa da ɗa guda ya cika uku, in ya komo da shi ya cika wasu uku. Kowane motsi ci ne. Idan abokin wasa ya duba, ya ga ba shi da ɗan da zai toshe gurbin, ba shi kuma da hanyar cin ko ɗaya, to, lokacin sallamawa ya yi. Ci gaba ɓata lokaci ne, ga kuwa wasu suna jiran su zauna.

Shi mai koyo bai kamata ya yi gaggawar sallamawa ba don an ci masa ɗa biyu ko uku. Gwani ma yakan yi kuskure, kuma a ƙarshen wasa ake koyon dabara. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Sallamawa tana da ladabi. Mutum ya ɗaga kai ya ce, "Na sallama." In babba ne ya cinye shi, ya ce, "Baba, na sallama, hannunka ya fi nawa." Kada ya shafe gurabu da ƙafa, kada ya tashi ba magana, kada ya ɗora laifi a kan 'yan kallo. Abota da yawa ta lalace a bakin dara saboda irin wannan hali. Wanda ya yi nasara kuma kada ya yi dariyar ƙeta.

Akwai wata dara mai sarki da dawaki da sojoji, wadda ta samo asali daga Indiya. Larabawa suna ce mata shaɗaranji, Ingilishi suna ce mata ces. A cikinta mai sallamawa yakan kwantar da sarkinsa, ko ya faɗa da baki, sa'an nan ya miƙa hannu a gaisa. A shekarar 1972, a birnin Rekyabik na ƙasar Aislan, Bobby Fischer na Amurka ya kara da Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet, wanda ke riƙe da kambin duniya. A wasa na shida Spassky ya sallama, sa'an nan ya bi 'yan kallo yana tafa wa Fischer. Kambin ya kuɓuce masa a wannan gasa, amma har yau ana tuna wannan tafi nasa.

Yaron da ya iya cewa "na sallama" da sakin fuska, gobe ma za a matsa masa wuri a inuwa.