Rigar farautar tsuntsaye: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke sha'awar fita neman zabi da fakara a ranakun hutu yakan share watanni yana shawarar bindigar da zai saya, ya tambayi wannan ya tambayi wancan, amma rigar da za ta ɗaukar masa harsashi da ruwa da naman da ya samu sai ya tsince ta a gaggauce cikin dilar bosho, don kawai ya ga aljihunanta da yawa. Alhali bindiga daƙiƙa guda take aiki, ita kuwa riga tana bisa kafaɗa tun hudowar rana har la'asar. Idan aka yi kuskuren zaɓenta, abu uku ke shiga haɗari: ƙarfin maharbi, naman da ya wahala a kansa, wani lokaci ma har da ransa.

Inda rigar ta samo asali

Ɗaukar kaya a jiki ba baƙon abu ba ne ga maharban ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni an san su da warki da kwari da burgami da riga mai layu. Amma rigar da ake magana a nan, wadda ta yi kama da falmaran, marar hannu, mai babbar jaka a baya, ɗinkin Turawa ce. Faransawa na kiranta gilet de chasse, jakar bayan kuma carnier. Tsofaffin ma'aikata ba su manta da littafin hajar kamfanin Manufrance na garin Saint-Étienne ba, wanda bindigarsa mai baki ɗaya, Simplex, ta bazu cikin Afirka ta Yamma kafin kamfanin ya durƙushe a 1985. A cikin shafukansa ana samun tufafin farauta da jakunkuna tare da bindigogin.

Amma inda aka fi kashe hankali wajen ƙera wannan riga shi ne Amurka, domin can farautar tsuntsayen tudu, wato masu kiwo a ƙasa cikin gonaki da ciyawa, sabanin na ruwa irin su agwagwa, ta zama babbar harka. Tsuntsun da suka fi nema shi ne wanda Faransawa ke kira faisan, mai doguwar wutsiya, wanda girman namijinsa ya yi kusa da na zabo. Asalinsa ɗan Asiya ne. Wani jami'in jakadancin Amurka a Shanghai, Owen Denny, shi ya aika da shi jihar Oregon a 1881 da 1882, daga nan ya yaɗu. Jihar Dakota ta Kudu ta buɗe farautarsa a 1919, ta kuma mai da shi tambarin tsuntsunta a 1943. A can ana buɗe farauta ranar Asabar ta uku ga watan Oktoba, kuma kowane maharbi na da izinin maza uku a rana. 

Abin lura a nan shi ne yanayi. A Dakota, cikin watan Nuwamba, ruwa na daskarewa da asuba. A Maraɗi ko Damagaram kuwa, ko cikin hunturu rana na yin zafi da hantsi, kuma daga Maris zuwa Afrilu ma'aunin zafi na wuce 40. Rigar da aka ɗinka don waccan ƙasa ba lallai ta dace da wannan ba, ko da kuwa tsadarta ta kai ina.

Nauyi kafin komai

Wanda bai taɓa auna kayansa ba zai yi mamakin lissafin. Kwalin harsashi 25 na bindiga mai lamba 12 ya ɗan haura kilo ɗaya. Litar ruwa kilo ɗaya ce, kuma mai yini cikin dajin Sahel ba ya fita da ƙasa da lita biyu, balle in yana tare da kare. Zabon daji guda ya haura kilo ɗaya, uku sun tasam ma kilo huɗu. A haɗa da wuƙa da salula da tocila da ɗan guzuri, sai a tarar da kilo bakwai zuwa takwas, ban da bindigar da ita kanta ta kai kilo uku. Ba wani kaya ba ne a bakin ƙofa, amma bayan tafiyar awa biyar cikin rairayi, kowane kilo sai ya haifi ɗan'uwansa.

Saboda haka ne rigunan suka kasu gida uku. Ta farko ita ce cikakkiyar falmaran mai rufe ƙirji da baya, wadda duk nauyinta ke sauka bisa kafaɗu da wuya. Ta dace da gajeruwar fita cikin sanyin safiya, kuma tana kāre jiki daga ƙaya. Ta biyu ba riga ba ce sosai, maɗauri biyu ne bisa kafaɗu da ɗamara mai aljihuna da jaka a baya. Ƙirji da hammata a buɗe suke, iska na ratsawa. Ta uku ta haɗa siffar ta biyu da jakar goyo irin ta masu hawan duwatsu, tana da faffaɗar ɗamara mai laushi wadda ke sauke nauyi bisa ƙugu, da wurin sa gorar ruwa. Ga ƙasa mai zafi da doguwar tafiya, ta biyu da ta uku su ne abin nema. Dalili kuwa a fili yake: ƙugu ya fi kafaɗa jure kaya, kuma kafaɗar da ta gaji ba ta ɗaga bindiga da sauri lokacin da fakara ta tashi.

Jakar baya da lafiyar nama

Nan ne mafi yawan masu saye ke yin sakaci. Zafin jikin tsuntsu mai rai yana tsakanin 40 da 42, ya fi na ɗan Adam, kuma gashinsa na riƙe wannan zafi bayan ya mutu. In aka cusa zabi uku cikin jakar roba rufaffiya, manne da bayan mutum mai zufa, ƙarƙashin ranar azahar, an haɗa duk abin da ƙwayoyin cuta ke bukata. Kafin a iso gida cikin ya fara wari, naman da za a kai wa iyali ya zama abin zubarwa ko abin kai mutum asibiti.

Jaka ta gari tana da siffa huɗu. Gefenta a buɗe yake ko na raga ne, don iska ta shiga. Ɓangaren da ke taɓa bayan maharbi kaɗai ke da shafin da jini ba ya ratsawa. Ana iya buɗe ta baki ɗaya a wanke, domin busasshen jini da gashi su ne gidan ƙuda da wari. Sannan bakinta na kaiwa har gefen haƙarƙari, yadda mutum zai zura tsuntsu daga gaba da hannu ɗaya, ba sai ya tuɓe ko ya jingine bindiga mai harsashi ba, abin da ya sha jawo haɗari. Duk da haka babu jakar da ke maye gurbin tsohuwar dabarar maharba: a fid da kayan ciki da wuri, a bar tsuntsu ya sha iska a inuwa kafin a sa shi cikin jaka. Ga maharbi Musulmi kuma akwai ƙarin bukata, domin tsuntsun da aka riska da sauran rai wajibi ne a yanka shi nan take. Ke nan wuƙa na bukatar wurinta a gaba, cikin kube, inda hannu ke kaiwa ba tare da lalube ba.

Aljihun harsashi

Aljihuna biyu manya a gaba sun wadatar, muddin suna da zurfi kuma suna da murfi. Aljihu marar murfi yana zubar da harsashi duk lokacin da aka sunkuya, yana kuma tara rairayi da ƙaiƙayi waɗanda ke bin harsashi su shiga bindiga. Madaukan roba da ake jera harsashi a ƙirji suna da ban sha'awa a ido, amma zafi na kashe robar cikin ɗan lokaci, kuma a rigar gwanjo galibi ta riga ta saki.

Akwai kuma haɗarin da ya kamata kowane mai sayen tsohuwar riga ya sani. Harsashi mai lamba 20 ya fi mai lamba 12 siranta. In aka yi kuskuren sa shi cikin bindiga mai lamba 12, sai ya zame ya maƙale can cikin bututu, mai bindiga ya zaci babu komai, ya ƙara na 12 a bayansa. Da ya harba bututun na iya fashewa a hannunsa. Don kauce wa haka ne masana'antun Amurka ke yi wa harsashin lamba 20 launin ɗorawa. Ƙa'ida dai ɗaya ce: riga guda, lambar harsashi guda, kuma a zazzage aljihunan kafin kowace fita. Kwankon da aka harba shi ma a ba shi aljihunsa dabam, kada a bar shi cikin gonar mutane.

Launi: a ga mutum, kada a zaci wani ne

Da yawa na ganin maharbi na ƙwarai shi ne wanda ya saje da daji. Masu farautar tudu a Amurka sun bi akasin haka. Tsuntsun ƙasa laɓewa yake cikin ciyawa har sai kare ko takun mutum ya tashe shi, don haka launin riga bai cika canza sakamakon farauta ba. Abin da yake canzawa shi ne ko abokin farauta zai hango mutum kafin ya danna kunama. Shi ya sa suka ɗauki launin lemo mai ƙyalli, wanda babu irinsa cikin itatuwa da ciyawa. Jihar Pennsylvania, alal misali, ta wajabta wa mai farautar ƙananan namun daji sa wannan launi a kai da ƙirji da baya, wanda jimillarsa ta kai faɗin ƙyalle mai santimita 40 a kowane gefe. Faransa ita ma, da dokar 24 ga Yuli 2019 da ƙudurin 5 ga Oktoba 2020, ta tilasta sa riga mai ƙyalli a farautar taron dangi ta manyan namun daji.

Amma launi ba layar bindiga ba ne. Ranar 11 ga Fabrairu 2006, a wata gona ta jihar Texas, mataimakin shugaban Amurka na lokacin, Dick Cheney, ya juya yana bin tsuntsu da bindiga ya watsa wa abokin farautarsa Harry Whittington, lauya mai shekara 78, ƙwayoyin harsashi a fuska da wuya da ƙirji, alhali mutumin na sanye da launin lemo. Ya rayu, amma darasin ya tabbata: riga na taimakon idon da ya duba ne kawai.

A kudancin Nijar batun launi na da wata fuska ta dabam. A yankunan iyaka irin su Madarunfa da Gidan Runji, inda ƴan bindiga suka addabi jama'a da satar shanu da garkuwa da mutane, mutumin da aka hango cikin daji da bindiga da riga mai dabbare-dabbaren soja ya sa kansa cikin zato, a idon ƙauyawa da na jami'an tsaro baki ɗaya. Rigar da ke bayyana mai ita daga nesa ta fi masa tsaro nesa ba kusa ba.

Yadi da gwaji

Zanen tamfol mai shafin kaki, irin wanda kamfanin Filson na Amurka da Barbour na Ingila suka yi suna da shi, an yi shi ne don ruwan sama da sanyi. Yana da ƙarko, amma yana da nauyi kuma ba ya barin zufa ta fita. Raga kuwa tana da sanyi, sai dai duk wanda ya ratsa fili mai ƙarangiya ya san abin da za ta kwaso, haka ma ƙayar magarya da ta sarƙaƙiya ba sa barin ta lafiya. Abin da ya fi dacewa shi ne yadi mai ƙarfi da santsi a aljihuna da gindin jaka, raga kuma a sama da ciki, inda ƙaya ba ta cika kaiwa ba.

Kada a saya sai an gwada da kaya a ciki. A sa gorar ruwa biyu ko uku cikin jakar, a ɗaure ɗamara, a taka, a sunkuya, a ɗaga sanda zuwa kafaɗa kamar bindiga. In wani ƙarfe ko kauri ya tokare inda gindin bindiga ke zama, rigar ba ta yi ba. In jakar na dukan cinya ko tana jan wuya baya, ita ma ba ta yi ba. A duba ɗinkin maɗaurai da zif, a kuma tabbata ana iya sassauta ta bisa rigar sanyi a watan Janairu, a tsuke ta bisa taguwa a watan Maris. Wanda bai samu wadda ta dace a kasuwa ba, tela da baduku na iya haɗa masa ta maɗaurai, in dai ya bayyana musu waɗannan siffofi.

Aljihu na ƙarshe, ƙarami mai zif a ciki inda zufa ba ta kaiwa, na takardu ne. Dokar ƙasar Nijar mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta shimfiɗa tsarin farauta da kāre namun daji, ta kuma ɗora farauta da bindiga bisa lasisi. Riƙe bindigar kanta na bukatar izinin hukuma. Wuraren da aka keɓe, kamar gandun W da na Gadabeji, ba fagen harbi ba ne. Kafin fita, ya kamata a leƙa ofishin ma'aikatan gandun daji a ji lokacin da aka buɗe da irin tsuntsayen da aka halatta. Girman jaka ba izini ba ne na cika ta. Zabin da aka bari bana su ne za su yi ƙwai da damina, kuma riga mai kyau ba ta da amfani a dajin da babu abin da zai tashi.